Fodin da Yohanna Ya Tayar

Yohanna, wanda mutanen unguwar Kambarawa suka fi sani da Baban Ladi, mutumin Kagoro ne. Aikin gwamnati ya kawo shi Katsina yana saurayi, ya shekara ashirin da biyu yana walda da buga jikin mota a gareji, sannan ya ajiye aiki ya kafa rumfarsa a bayan gida. Gajere ne kakkaura, kuma ƙarar guduma ta kashe masa kunnen hagu. Shi ya sa in ana masa magana yakan karkato kai ya ƙanƙance ido kamar mai auna abin da ake faɗa. Kuma aunawar yake yi, don Yohanna bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi gaisuwar ta yi tsawo, kana juya baya zai leƙa akwatin sifanunsa. Matarsa Talatu, mai ɗinki, takan ce ko ruwa ta ba shi sai ya kalli gindin kofi.

A shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, ga Udoji, wato ƙarin albashin nan, ta zo ta zuba wa ma'aikata abin da ba su taɓa riƙewa ba. Masinja ya hau babur, akawu ya sayi Fijo fil a leda, 'yan kwangila suka cika titin GRA da Marsandi. Mota in ta yi tari sau biyu sai a ture ta bayan gida a sayo sabuwa. A irin wannan lokaci ne Yohanna ya ɗauko wa kansa gawar mota.

Ya je wata ruga ce a hanyar Batsari, wurin wani Bafulatani mai suna Yero, don ya gyara masa ƙarfen amalanke. Yana cikin aiki sai ya hangi wani abu ƙarƙashin tsamiya, rabinsa ya nutse a ƙasa, kaji na shiga da fita ta tagoginsa. Ya matsa ya share tsatsa da hannun riga. Tsohuwar Fodi ce, irin mai kumburarren goshi ta zamanin Turawa, sitiyarinta a dama. Ba taya, ba gilashi, injin ya zama dunƙulen tsatsa. Amma da ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa, ƙarfen ya amsa masa da wata murya da bai ƙara ji ba tun yana yaron gareji.

"Yero, motar wa ce wannan?"

Yero ya kalli shanunsa. "Nan muka gan ta."

"Daga sama ta faɗo?"

"Kana son ta?"

Yohanna ya ce zai ƙera masa sabuwar amalanke a madadinta. Bai rufe baki ba Yero ya ce ya yarda, har da cewa shanunsa za su ja ta zuwa bakin hanya. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma in an tambaye ka, ba daga nan ta fito ba."

Yohanna ya karkato kai. Bafulatanin da zai wuni yana jayayya a kan igiyar ɗaure maraƙi, shi ne yau ya saki mota ba ko gardama? Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai son abin ya riga ya shige shi. Washegari ya samo babbar mota aka kai ta Kambarawa, ya kewaye ta da langa-langa, ya sa kwado.

Da ya fara kwance ta, abin da ya fara cin karo da shi rairayi ne. Cikin ƙofofi rairayi, cikin tankin mai rairayi, har cikin kwanon fitila. Farin rairayi ne mai laushi irin na rafi, da 'yan ƙananan bawon katantanwa a ciki, alhali rugar Yero tana kan tudu mai jar ƙasa. A ƙarƙashin kujerar baya kuma ya tsinci lambar motar, an naɗe ta biyu an cusa. Ruwa ba ya naɗe ƙarfe ya ɓoye shi, wannan aikin hannun mutum ne. Ya miƙe ta da guduma ya karanta: KT 212. Bai nuna wa kowa ba, ya kai ta ƙasan akwatin zannuwan Talatu.

Shekara ɗaya da wata takwas ya yi a kanta. Injin wata Fijo da ta yi karo ya ɗora mata, bayan ya yanke mazaunin ya sake ƙera shi sau uku kafin giya ta yarda ta zauna. Rufin baya ya ruɓe, sai ya yanke shi gaba ɗaya, ya sa kafinta ya yi masa baka-baka na katakon maɗaci, Talatu ta ɗinka tamfol mai naɗewa har allurar kekenta ta karye sau biyar. Kujeru kuwa ya kai wa dukawan cikin gari suka lulluɓe su da jar fata. Gilashin gaba sai Kano ya samo wanda ya yanka masa. Sitiyari ya bar shi a dama, ko da yake an yi canjin hannun tuƙi tun shekaru huɗu da suka wuce. Ya ce haka aka haife ta.

Unguwa kuma ba ta yi shiru ba. Mutumin da kowa ke sayen sabo shi yana gyaran tsoho a bayan shinge, ai da walakin. Wasu suka ce aljihunan ɓoye yake ƙera mata don fasa-ƙwauri zuwa Maraɗi. Wasu suka ce zinariya ya samu a cikinta. Maganganun na dawo masa ta bakin matan da ke kawo wa Talatu ɗinki, shi kuma ya ƙara kwado na biyu.

Ana saura wata uku ya gama, wata ranar Asabar da hantsi, wani mutum ya tsayar da babur a ƙofar rumfar. Dogo ne, shekarunsa kamar talatin da biyar, da baƙin tabarau da biro biyu a aljihun gaba. Ya yi sallama, ya gaida Yohanna, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya koma kan iyali. Duk tsawon gaisuwar fuskarsa na kallon kafar langa-langa inda goshin motar ya leƙo.

"Sunana Sammani," ya ce. "Halan wannan Fodi ce, Malam Yohanna?"

"Wa ya gaya maka sunana?"

"Ai ba ka ɓuya. Ina aka samo ta?"

"A inda ake samun irinta."

"Ba ka iske lamba jikinta ba?"

Yohanna ya ci gaba da aikinsa. "Ba lamba."

"Ko ɗaya?"

"Malam, gyara ka kawo ko bincike?"

Mutumin ya yi murmushin da bai kai zuci ba, ya yi godiya ya tafi. Bayan mako guda ya dawo, wai salansar babur ɗinsa na ƙara. Yohanna ya duba, ba abin da ya sami salansa. Mako na uku bai tsaya ba, ya dai wuce a hankali sau biyu. Wata rana kuma Talatu ta hange shi a gindin bishiyar dogon yaro yana rubutu a ɗan littafi.

Yohanna ya daina cin abinci sosai. Ya lissafa wa kansa ko ɗan sandan ciki ne, ko ɗan kwastan, ko kuwa ɗan leƙen asirin ɓarayi. Ya tuna motocin 'yan siyasar da aka ce an ɓoye a ƙauyuka bayan juyin mulki. Ya tuna kuma cewa mota ba ta shiga rafi ita kaɗai. In da mutum a ciki fa lokacin da ta nutse? Shi baƙo ne a garin nan ko da ya shekara talatin, kuma in an zo neman wanda za a ɗora wa laifi, ya san ba za a yi nisa ba.

"Baban Ladi," in ji Talatu, "ka zaunar da mutumin nan ka tambaye shi abin da yake nema mana."

"In ce masa me? Kaza ta je wurin shaho tambayar lafiyar 'ya'yanta?"

"To ka fito da ƙarfen nan daga cikin zannuwana, tsatsa yake zuba mini."

Bai fito da shi ba. Ya hau keke ya koma rugar Yero. Ya tarar da shi yana yi wa wani farin bijimi wanka, wanda zai kai gasar nunin amfanin gona. Suka gaisa sama-sama.

"Yero, wani mai baƙin tabarau yana bina a kan motar nan."

Hannun Yero ya tsaya a kan tozon bijimin. "Ya zo nan ma. Kai ka turo shi."

"Ni? Kai dai ka sai da ni."

"Na ce maka kada ka faɗi inda ta fito."

"Ban faɗa ba. Ka gaya mini gaskiya, an kashe wani a cikinta?"

"Subhanallahi! Baffana ne ya san zancenta, kuma ya rasu. Ni ban san komai ba."

Suka rabu kowa na kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

Duk da haka Yohanna bai iya barin aikin ba. Ya fesa mata fenti kore mai duhu, ya goge bamba da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido. Ranar da ya murza makulli injin ya ɗauka, ya zauna a kan jar kujerar nan ya daɗe bai motsa ba, Talatu na tsaye a ƙofa da ludayi a hannu tana dariya.

Kwana biyu bayan haka masinja ya kawo takarda daga kwamitin nunin amfanin gona da sana'o'in hannu. Wai sun sami labarin aikinsa, suna gayyatarsa ya kawo motar fili ranar Asabar.

"Wa ya kai musu labari?" in ji Yohanna. "Tarko ne. So suke in fito da ita da hannuna a kama ni gaban jama'a."

Talatu ta ajiye almakashi. "Wata ashirin kana bautar ƙarfen nan, na ci yatsuna a kan tamfol, don kaji su koma ciki? In kamun ne, ai sun san hanyar gida. Ni dai zan sa ɗankwalina, kuma gaba zan zauna."

Ranar Asabar da safe ya buɗe langa-langar. Kafin ya tayar da mota, ya shiga ɗaki ya ɗauko lambar ya naɗe ta a tsumma ya tura ƙarƙashin kujerarsa. Ya ce a ransa, in ta kwaɓe gara a same ta a hannunsa da a zo a birkice kayan matarsa.

Filin nunin yana gefen GRA. Ga dammunan gero, ga buhunan gyaɗa, ga shanu da raguna an jere, ga sababbin motocin noma da jan fenti. Manyan baƙi sun faka motocinsu masu sheƙi a inuwa. Amma da koriyar Fodin ta shigo, rufinta a naɗe, Talatu ta kafa ɗauri a gaba, sai filin ya juyo. Mutane suka bar motocin noma suka yanyame ta. Masu sababbin Fijo suka riƙa shafa fatar kujera suna tambayar daga wace ƙasa aka yo odarta. Wani Alhaji ya sa aka buɗe masa inji, ya leƙa ya ce, "Kai! Jikin Ingila, cikin Faransa, rigar Katsina!" Aka kwashe da dariya. Yohanna na amsa tambayoyi da guntayen kalmomi, idonsa na yawo bisa kawunan jama'a.

Wajen azahar ya hango shi. Sammani ne, yau ba tabarau, yana riƙe da hannun wani tsoho siriri mai farin gemu, wanda yanar ido ta rufe wa gani. Ba ɗan sanda a bayansu. Jama'a suka buɗa musu hanya.

"Malam Yohanna," in ji Sammani, "wannan mahaifina ne, Malam Baraka. Ka yi mishi izini ya taɓa ta."

Yohanna ya matsa gefe. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan goshin motar, ya bi shi a hankali har zuwa ƙofar dama. Ya lalubi marfin, ya ɗan ɗaga shi sama kafin ya ja. Yohanna ya zuba masa ido. Ƙofar nan ba ta buɗuwa sai an ɗaga, ya yi fama da ita wata guda ya gaza gano dalili, kuma ban da shi da Talatu ba wanda ya sani.

Tsohon ya zauna, ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Ita ce," ya ce. "Biyu, ɗaya, biyu. Sammani, ita ce."

Nan Sammani ya juya ga Yohanna ya yi bayani, jama'a na saurare. Shi malamin makarantar firamare ne. Mahaifinsa ya shekara bakwai yana tuƙa wa wani Bature mai sayen fatu wannan mota. Da daminar shekaru goma sha takwas da suka wuce, Baturen ya aike shi shi kaɗai wajen Batsari. A hanyar dawowa yana tsakiyar wani rafi ruwa ya sauko daga sama ya tafi da motar, shi ya tsira da ƙyar ta taga. Aka bi rafin kwana huɗu ba a ga ko taya ba. Bature ya ce ƙarya ne, wai direban ya tsallaka da ita iyaka ya sayar. Aka ɗaure shi wata tara. Da ya fito ba wanda ya ƙara ba shi makulli, ya koma sayar da itace a Babbar Kasuwa, inda har yau ake kiransa Baraka Sai-da-mota.

"To me ya hana ka faɗa mini tun ranar farko?" in ji Yohanna.

"Na ɗauka kai ma kana cikin waɗanda suka ɓoye ta. Mutumin da ya sa wa gawar mota kwado biyu, mi zan zata? Ni na kai sunanka kwamiti, don in ga ko za ka iya fitowa da ita rana tsaka."

Yohanna ya sunkuya ya zaro tsumman daga ƙarƙashin kujera, ya kwance, ya ɗora lambar a cinyar tsohon. Malam Baraka ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa.

Yero yana nan cikin jama'a, riƙe da igiyar bijiminsa. Yohanna ya kafa masa ido har ya rasa inda zai sa kansa, ya matso. Ya ce da rani ne, bayan waccan damina, shanunsu suna tonon ruwa a busasshen rafi suka bankaɗo rufin mota a cikin rairayi. Baffansa ya haɗa shanu shida suka jawo ta. Da ya ji labarin an ɗaure wani a kanta sai tsoro ya kama shi, ya ce in direba ya sha ɗauri, Bafulatani ai rataye shi za a yi. Shi ya naɗe lambar, ya hana kowa magana.

"Lokacin ina gidan yari?" in ji tsohon.

Yero ya sunkuyar da kai. "Kana ciki, Baba."

Can tsohon ya ce, "Allah Ya jiƙan baffanka." Ya juya inda yake jin numfashin Yohanna. "Tayar min da ita in ji."

Yohanna ya miƙa hannu ya murza makulli. Tsohon ya saurara, ya yamutsa fuska. "Wannan ba muryarta ba ce. Ka sa mata zuciyar wata. Amma ka iya aiki, ɗan nan. Abu ɗaya nake roƙo, ka ratsa da ni ta kasuwa."

Ba su jira rabon kyaututtuka ba. Talatu ta koma baya tare da Sammani, tsohon ya koma kujerar gefen direba da lambar a ƙirjinsa. Yohanna ya bi ta gefen Babbar Kasuwa a giya ta ɗaya yana danna ham, Sammani na tsaye yana kiran tsofaffin 'yan kasuwa da sunayensu yana cewa su zo su gani. Aka fito daga rumfuna. Masu hatsi da suka san zancen tun farko suka riƙe baki, wasu suka zo suka kama hannun Malam Baraka suna neman gafara. Amma da suka zo layin masu itace, Yohanna ya jiyo wani da kunnensa mai lafiya yana ce wa na kusa da shi, "Ka gani ko? Ashe ajiye ta ya yi shekara sha takwas, sai da ƙura ta lafa." Ya saci kallon tsohon. Tsohon na murmushi yana ɗaga hannu, ko bai ji ba ne, ko ya ji ya share, Yohanna bai taɓa sani ba.

Kwamiti ya aiko masa da takardar yabo da agogon bango. Wata guda yana jiran sammaci daga Sammani cewa motar ta ubansa ce, har ya je ya tambayi wani ɗan cocinsu mai aikin kotu yadda ake kare kai. Sammaci bai zo ba. Abin da ya zo shi ne kwanon dambun nama daga matar Sammani, wanda Yohanna ya sa Talatu ta fara ɗanɗanawa.

Malam Baraka ya ƙara shekara biyu a duniya. Kusan kowace Juma'a Yohanna kan ɗauke shi ya kai shi masallaci, ya jira a inuwa har a idar, tsohon kuwa duk hanya faɗa yake masa a kan yadda yake sakin kuloci. Yero bai ƙara kawo gyara Kambarawa ba, in sun haɗu a kasuwa sukan gaisa daga nesa. Alhazai uku sun nemi Yohanna ya sayar musu da motar ya ƙi, ya ce bai san abin da suke nufi da ita ba. Amare dai ta ɗauka ba adadi, na coci da na cikin gari, shi da kansa ke tuƙawa.

Da ƙarfinsa ya ƙare ya tashi komawa Kagoro, 'ya'yansa suka ce a ɗora ta a babbar mota. Ya ce bai yarda da direban ba. Shi ya tuƙa ta da kansa, Talatu a gefe da kekenta na ɗinki a kujerar baya, suka yi kwana biyu a hanya.